Me Ya Sa Masu Zanen Barkwanci Suka Tasa Ƙasashen 'Yan Ba-ruwanmu A Gaba Lokacin Yaƙin Duniya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne, ina nazarin zane-zanen barkwanci da jaridun Turai da Amurka suka buga a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Na lura cewa ƙasashen da suka ƙi shiga yaƙin, irin su Suwidin da Suwizalan da Sifen da Turkiyya, sukan sha zambo kusan daidai da abokan gaba, kuma ana nuna jakadu a matsayin mayaudara. Me ya jawo haka? Zargin gaskiya ne, ko farfaganda ce kawai?

Amsa: Abin da ka lura da shi haka yake, kuma zargin yana da tushe a wurare da dama, kamar yadda za ka gani. Sai dai ina so ka riƙe abu guda tun daga farko, domin shi zai tsare ka daga kuskuren da ɗalibai suka fi yi da irin waɗannan hotuna. Zanen da aka yi wa ƙasar da ta ƙi shiga yaƙi yana bayyana abin da ƙasar mai zanen take nema daga gare ta a makon da aka buga shi, kuma da wannan buƙatar ta sauya, fuskar da ake ba ƙasar takan sauya, ko da ita ba ta sauya komai a manufarta ba.

Mujallar Punch ta birnin Landan ta isa shaida a kan wannan. Ranar 12 ga Agusta 1914, kwana takwas bayan sojojin Jamus sun keta iyakar Beljiyam, ta buga zanen F. H. Townsend: wani yaro ɗan ƙauye ya tsaya ƙyam a bakin ƙyauren gona da 'yar sandarsa, an rubuta a jikin ƙyauren cewa babu hanya, ga kuma wani ƙaton dattijo Bajamushe ya taso masa da kulki, naman nan da suke ɗurawa a cikin hanji yana reto daga aljihunsa. Beljiyam ƙasa ce da manyan dauloli suka lamunce wa zama tsaka-tsaki a yarjejeniyar Landan ta 1839, yarjejeniyar da shugaban gwamnatin Jamus, Bethmann Hollweg, ya kira guntuwar takarda. A wannan watan, a idon mai zanen Ingila, ɗan ba-ruwanmu maraya ne mai gaskiya da ƙato ya zo ya zalunta, kuma saboda shi ne ma aka ce Ingila ta ɗauki makami.

Wata tara bayan haka, ranar 7 ga Mayu 1915, jirgin Jamus mai nutso ya nutsar da Lusitania a gaɓar Ayalan, mutum kusan 1,200 suka halaka, 128 daga cikinsu Amurkawa. Kwana uku da faruwar haka, shugaban Amurka Woodrow Wilson ya faɗa a Philadelphia cewa akwai mutumin da girman kansa ya fi ƙarfin ya yi faɗa, sannan ya shiga aika wa Barlin wasiƙun nuna rashin amincewa, ɗaya bayan ɗaya. Nan take Punch ɗin da ta yabi yaron ƙyaure ta juya kan Wilson. Ta zana shi yana duban gaggafar da take tambarin Amurka yana yaba wa kansa yadda ya mai da ita kurciya, kuma injin buga wasiƙarsa ya zama abin dariya a jaridun Ingila da Faransa. A ɗaya ɓangaren kuwa, mujallun zambo na Jamus, Simplicissimus ta Munich da Kladderadatsch ta Barlin, suna zana Kawu Sam, dattijon da ake kwatanta Amurka da shi, da addu'ar zaman lafiya a baki, hannunsa na miƙa wa Ingila harsasai yana karɓar kuɗi. Su ma suna da hujja, domin a 1915 bankin J. P. Morgan ya shirya wa Ingila da Faransa rancen dala miliyan 500, kuma masana'antun Amurka suna ta ƙera musu makamai, alhali jiragen yaƙin Ingila sun toshe hanyar teku zuwa Jamus. Ƙasa ɗaya, a shekara ɗaya, a Landan ana kiranta matsoraciya, a Barlin ana kiranta dillaliyar mutuwa.

A nan ya kamata ka san abin da doka ta tanada, domin masu zane ba sa faɗinsa. Yarjejeniyoyin birnin Hague na 1907, ta biyar da ta goma sha uku, su ne suka tsara haƙƙoƙi da wajibai na ƙasar da ba ta shiga yaƙi ba. Sun hana masu yaƙi ratsa ƙasarta da sojoji ko kayan yaƙi, sun ɗora mata nauyin hana hakan, sun kuma ce ta tsare duk sojan da ya faɗo cikinta. Amma ba su tilasta mata hana 'yan kasuwarta sayar da kaya ga masu yaƙi ba, har da makamai. Abin da aka nema kawai shi ne duk takunkumin da ta sa, ta yi amfani da shi a kan ɓangarorin biyu daidai wa daida. Ka ga ke nan ciniki da maƙiyi, wanda shi ne babban laifin da zane-zanen suka fi nunawa, halas ne a doka. Matsalar ita ce daidaito a takarda ba ya zama daidaito a fili. Wanda ya mallaki teku shi zai iya zuwa ya saya a Amurka, wanda kuma ya kewaye ka da sojoji shi zai saya a Suwidin.

Ita kuma sana'ar zanen tana da iyakarta. Mai zane fili ɗaya gare shi, da layi ɗaya ko biyu na rubutu, kuma mai karatu daƙiƙa kaɗan zai ba shi, don haka dole ya mai da ƙasa mutum. Da zarar ƙasa ta zama mutum, sai a auna ta da ma'aunin zaman unguwa, kuma kowa ya san hukuncin wanda gidan maƙwabcinsa ke cin wuta shi yana tsaye ya harɗe hannu, balle wanda ya kawo garwa yana sayar da ruwa a wurin gobarar. Daga nan ne siffofin da ka yi ta gani suka samo asali: mai kanti da sikeli a hannu, jiminar da ta cusa kai a rairayi, mai tafiya a kan igiya, zakaran ƙarfen nan na saman gini da ke juyawa inda iska ta kaɗa, da mutumin da ya ɗare kan shinge ya ƙi saukowa ko ta wane gefe, wanda karin maganar Ingilishi ne aka mai da shi hoto. Da Bahaushe ne ke zanen, ina jin jemage zai zana, wanda tsuntsaye suka ce dabba ne, dabbobi suka ce tsuntsu ne. Abin da babu mai iya zanawa shi ne ainihin aikin: jadawalin tan nawa na gawayin kwal za a ba ka in ka ba da tan nawa na tama, da takardar izinin da Ingila ke ba jirgin 'yan kasuwa kafin ya wuce shingenta na teku, da jerin sunayen kamfanonin da aka haramta hulɗa da su. A cikin waɗannan takardu zaman tsaka-tsaki yake rayuwa, kuma ba su da fuskar da za a yi wa dogon hanci.

Game da jakadu, tushen rashin yardar ya girmi batun 'yan ba-ruwanmu. Mutanen da suka ga yarjejeniyar Munich ta 1938, wadda Ingila da Faransa suka ƙulla da Hitila, ta wargaje cikin wata shida, sannan suka wayi gari suka ji cewa ranar 23 ga Agusta 1939 Jamus da Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka shekara da shekaru suna zagin juna, sun sa hannu a yarjejeniyar kada su kai wa juna hari, ba su da sauran dalilin girmama sa hannu da hatimi. David Low, ɗan asalin New Zealand da ke zana wa jaridar Evening Standard, ya kama wannan yanayin a zanensa na 20 ga Satumba 1939. Hitila da Stalin sun haɗu a fagen fama, kowanne ya cire hula ya rusuna kamar a liyafar fada, gawar Folan na kwance a tsakaninsu. Hitila yana cewa, in ban yi kuskure ba kai ne dattin duniya, Stalin yana amsawa, kai kuma ina jin kai ne makashin ma'aikata. Duk dafin zanen yana cikin ladabin, domin Low yana nuna cewa gaisuwar diflomasiyya riga ce da ko wane mugu zai iya sawa. Yana da dalilin kansa na jin haka. Tun kafin yaƙi an hana zanensa shiga Jamus da Italiya, kuma a 1937, bayan Lord Halifax, minista a gwamnatin Ingila, ya ziyarci Jamus ya ji ƙorafin Goebbels, ministan farfagandar Hitila, sai da ya nemi Low ya sassauta wa Hitila don kada ya ɓata tattaunawar da ake yi. Kada ka manta kuma cewa daga Satumba 1939 zuwa Yuni 1941, a hukumance ita ma Tarayyar Sobiyet 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin Jamus da Ingila, tana kuma aika wa Jamus hatsi da man fetur. A wannan tsakanin masu zanen Mosko sun ajiye Hitila, ba su sake ɗauko shi ba sai da ya afka musu.

Hoton da ya fi kowanne tasiri a kan ƙananan ƙasashen Turai da baki aka zana shi. Ranar 20 ga Janairu 1940, Winston Churchill, yana ministan sojan ruwa a lokacin, ya ce a rediyo kowace daga cikinsu tana fatan in ta ciyar da kada sosai, ita zai cinye a ƙarshe. Jaridun ƙasashen suka yi masa ca. Amma ranar 9 ga Afrilu Jamus ta mamaye Denmak da Norwe, ranar 10 ga Mayu ta shiga Holan da Beljiyam da Luksambag, dukkansu 'yan ba-ruwanmu, sai maganar kadan ta zama kamar duba. Daga wannan bazarar ba a sake samun mai zane a Landan da ya ɗauki tsaka-tsaki a matsayin garkuwa ba.

Amma laifi tudu ne, kuma nan ne ya kamata ka nemi zanen da ba a yi ba. A Fabrairu 1940 jirgin yaƙin Ingila Cossack ya shiga ruwan Norwe ya ƙwato fursunoni kusan 300 daga jirgin Jamus Altmark, jaridun Landan suka yi ta murna. Ranar 8 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin harin Jamus, Ingila ce ta fara binne nakiyoyi a ruwan Norwe don tare hanyar tama daga Narvik. Ranar 10 ga Mayu ta sauke sojoji a Iceland ba da izininta ba. A Agusta 1941 Ingila da Sobiyet suka mamaye Iran, wadda ta ayyana tsaka-tsaki, kafin wata guda Reza Shah ya bar gadon sarauta. Har a kusa da mu an yi irin wannan. A daren 14 ga Janairu 1942, 'yan ƙundumbalar Ingila suka shiga tashar Santa Isabel a tsibirin Fernando Po, wanda Sifen ke mulka, da jiragen ja biyu da gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ba su, suka janyo jirgin Italiya Duchessa d'Aosta da wasu ƙanana biyu, aka kai su Ikko, Landan kuma ta musanta cewa da hannunta a ciki. Ba za ka sami yaron ƙyaure da 'yar sandarsa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a jaridun Ingila.

A Amurka rigimar ta cikin gida ce, domin ita kanta ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce har zuwa Disamba 1941. Theodor Geisel, wanda aka fi sani da Dr. Seuss, ya yi wa jaridar PM ta New York zane fiye da 400 daga 1941 zuwa farkon 1943, kuma a shekarar farko babban abin harinsa shi ne ƙungiyar America First da fitaccen mai magana da yawunta, matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh. Jimina ce dabbar da ya fi so. Amma zanensa na 1 ga Oktoba 1941 ya fi ciwo: wata mata sanye da rigar ƙungiyar tana karanta wa yara biyu labarin kyarkeci Adolf, idanunsu sun firfito, tana cewa kyarkecin ya tauna yaran ya tofar da ƙasusuwansu, amma ai yaran baƙi ne, don haka babu damuwa. Tarihi ya gaskata shi a nan. Sai dai wannan hannun ne, a Fabrairu 1942, ya zana Amurkawa 'yan asalin Japan sun yi dogon layi suna karɓar nakiya suna jiran umarni daga gida, kwanaki kaɗan kafin shugaban Amurka Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kai ga tsare kimanin mutum 120,000 a sansanoni ba tare da an same su da laifi ba. Zargi makami ne da ba ya tantance wanda ya cancanta, kuma gwanintar mai zane ba ta zama hujja a kan gaskiyar abin da ya zana.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Zan fi tsayawa a kan Suwidin, domin a wurinta ne zargin ya fi nauyi, kuma a wurinta ne ya fi wuyar yankewa. Tamar Kiruna da Gällivare, mai kyan gaske, ta ci gaba da kwarara zuwa masana'antun ƙarfen Jamus kusan duk tsawon yaƙin, haka ma boris na kamfanin SKF, wanda babu tanka ko jirgin sama da ke motsi ba tare da shi ba. Daga 1940 zuwa Agusta 1943 an bar sojojin Jamus masu zuwa hutu daga Norwe suna ratsa ƙasar a jirgin ƙasa, tafiye-tafiyen da suka kai kimanin miliyan 2. A Yuni 1941 kuwa aka bar rundunar Jamus guda cur, da makamanta, ta ratsa daga Norwe zuwa Finlan don yaƙar Sobiyet, wanda wannan karya dokar Hague ne a fili, ba ya buƙatar fassara. Sojan ruwan Ingila da ke daskarewa a tekun arewa yana da ikon ganin abin a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, dubi taswira. Bayan Afrilu 1940 Jamus na yamma a Norwe, tana kudu a Denmak, Finlan kuma daga baya ta bi ta, sannan kwal ɗin da ke ɗumama gidajen Suwidin da tafiyar da masana'antunta daga Jamus yake zuwa. Gwamnatin Per Albin Hansson ta ga abin da ya sami maƙwabtanta, ta shafa wa gemunta ruwa. Kuma ƙasar da ta yi waɗancan abubuwa ita ce ta sayar wa Ingila boris da aka riƙa fitarwa a jiragen da ke kutsa shingen Jamus, daga Stockholm ne labarin fitowar jirgin yaƙin Jamus Bismarck ya isa Landan a Mayu 1941, ita ce ta karɓi Yahudawan Denmak fiye da 7,000 a Oktoba 1943, kuma jami'in jakadancinta Raoul Wallenberg ne ya ceci dubbai a Budapest a 1944. A ganina hukuncin adalci shi ne Suwidin ta rusuna wa wanda ya fi ƙarfi a kowane mataki, ta rusuna wa Jamus fiye da yadda tilas ta sa a wasu lokuta, sannan ta juya bayan Jamus ta sha kashi a hannun Sobiyet a Stalingrad. Mai zanen zakaran ƙarfe bai yi ƙarya ba, ya dai bar taswirar a waje.

Sifen ta Franco ba ta ma cancanci sunan sosai ba. A Yuni 1940 ta sauya matsayinta zuwa wadda ba ta faɗa amma tana da gefen da take so, Franco ya gana da Hitila a Hendaye ranar 23 ga Oktoba 1940, kuma ya tura 'yan sa-kai dubbai, rundunar da aka sani da shuɗiyar riga, zuwa fagen yaƙin Rasha. Ita da Fotugal ta Salazar sun sayar wa Jamus ma'adinin wolfaram, wanda ake taurara ƙarfe da harsasan fasa tanka da shi, har sai da Amurka ta tsuke wa Sifen man fetur a farkon 1944, Fotugal kuma ta daina a Yuni na shekarar, bayan ta riga ta ba Ingila sansani a tsibiran Azores a 1943. Turkiyya ta Ismet Inönü ta ƙulla ƙawance da Ingila da Faransa a Oktoba 1939, ta sa hannu a yarjejeniyar abota da Jamus ranar 18 ga Yuni 1941, kwana huɗu kafin harin Rasha, ta sayar wa kowane ɓangare ma'adinin kurom, ta saurari Churchill a Adana a Janairu 1943 ta karɓi alkawarin makamai ba ta shiga yaƙin ba. A Ankara ɗin ne kuma baran jakadan Ingila ya riƙa ɗaukar hoton takardun sirrin maigidansa yana sayar wa ofishin jakadancin Jamus, abin da ya fi duk wani zanen barkwanci ban dariya.

Suwizalan an yi mata ba'a cewa tana yi wa Jamus aiki kwana shida, ranar Lahadi ta yi addu'ar Ingila ta ci nasara. Babban bankinta ya sayi zinariya mai yawa daga bankin Jamus, ciki har da wadda aka wawuso daga ƙasashen da aka mamaye, har a 1946 ta amince a Washington ta biya faran miliyan 250, kuma a Agusta 1942 ta rufe iyakarta ga Yahudawa masu gudun hijira, dubbai aka mai da su hannun masu kashe su. Hukumar Bergier, da ƙasar da kanta ta kafa a 1996, ta tabbatar da yawancin wannan. Abin mamaki shi ne masu zanen lokacin yaƙi sun fi damuwa da cinikin kayan masana'anta, alhali laifin da ya fi muni, na bakin iyaka, kusan bai shiga zanensu ba. A lokaci guda jami'an Suwizalan ne ke kula da muradun gomman ƙasashe a biranen maƙiyansu, kuma ta hannun ƙungiyar Red Cross ta Geneva ne fursunan yaƙi ke samun wasiƙa da ƙunshin abinci. Shi ya sa Churchill mai maganar kada ya rubuta wa ministan harkokin wajensa a Disamba 1944 cewa a cikin 'yan ba-ruwanmu Suwizalan ce ta fi cancantar a girmama ta. Shi ne kuma ya yi wa Sifen kalamai masu taushi a majalisa a Mayu 1944, saboda ba ta taɓa Jibralta, sansanin Ingila da ke bakin iyakarta, ba lokacin da aka tara jirage don sauka a Arewacin Afirka, jaridu suka yi masa rubdugu. Gwamnatocin da jama'arsu ke dariyar zanen suna buƙatar waɗannan ƙasashe a buɗe: don leƙen asiri, don musayar fursunoni, don aika saƙon da ba za a iya aikawa kai tsaye ba.

Ayalan ce misalin da zane ya fi yi wa rashin adalci. Ingila ta mai da mata tashoshin ruwa uku a 1938, shugaban gwamnatinta Éamon de Valera ya ƙi ba da aronsu lokacin da jiragen Jamus masu nutso ke halaka ayarin jiragen kaya a Atlantika, kuma masu zanen Ingila suna da tsohuwar al'adar wulaƙanta mutanen Ayalan tun ƙarni na 19, sai suka kakkaɓe ta. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne ana barin jiragen saman Ingila su ratsa ta wani zirin sama a Donegal, matuƙan ƙawance da suka faɗo akan sulale da su su tsallaka iyaka yayin da na Jamus ke zaune a tsare, rahoton yanayi daga Blacksod, a gaɓar yammacin Ayalan, yana cikin abin da aka duba kafin a tsai da ranar saukar sojojin ƙawance a Normandy ta Faransa, kuma dubun dubatan 'yan ƙasar sun shiga sojan Ingila da ƙafarsu. Duk wannan sirri ne, domin bayyana shi zai rushe tsaka-tsakin. Abin da aka gani a fili shi ne ziyarar ta'aziyyar da de Valera ya kai wa jakadan Jamus Eduard Hempel ranar 2 ga Mayu 1945 bayan mutuwar Hitila. Shi ya ɗauke ta a matsayin bin ƙa'idar diflomasiyya, duniya kuwa, wadda ta fara ganin hotunan sansanonin mutuwa a makwannin, ba ta yafe ba.

In kana son nazarinka ya wuce na sauran, ka nemi masu zanen da ke zaune a cikin ƙasashen da ake zargi, domin su ne suka yi aikin da wuyansu a kan wuƙa. A yaƙin farko Louis Raemaekers na jaridar De Telegraaf a Holan ya zana ta'asar Jamus a Beljiyam da zafin da ya sa hukumomin ƙasarsa suka riƙa ƙwace aikinsa, aka zarge shi da jefa tsaka-tsakin Holan cikin haɗari, har ya koma Landan a ƙarshen 1915, inda Ingila ta rungume shi ta baza zanensa a Amurka, domin shaidar ɗan ba-ruwanmu ta fi ta mai yaƙi karɓuwa. A Suwizalan, mujallar Nebelspalter ƙarƙashin Carl Böckli, wadda Jamus ta haramta tun 1933, ta yi ta zambo ga 'yan ƙasar masu son a daidaita da sabon tsarin Hitila, a daidai lokacin da wasu manya kusan 200 suka rubuta wa gwamnati a 1940 suna neman a kori editocin da ke ɓata wa Jamus rai. A Suwidin, Bertil Almqvist ya zana wa gwamnati a 1941 wata damisa mai ratsin shuɗi da rawaya, launin tutar ƙasar, da kalmomi uku da a harshensu suke nufin damisar Suwidin, suke kuma nufin ɗan Suwidin yana kame bakinsa. An yi ta ne don gargaɗi kan 'yan leƙen asiri, amma daga baya 'yan ƙasar da kansu suka mai da ita alamar shirun da aka yi a kan abin da ake gani.

A birnin Gothenburg kuwa akwai jaridar da Torgny Segerstedt yake editanta, wadda gwamnati ta sha ƙwace bugunta saboda sukar Hitila, kuma a cikinta wani mai zane da ke sa hannu da sunan Stig Höök yake aiki. Sunansa na gaskiya Ragnvald Blix, ɗan Norwe ne da ya gudo, wanda a da ya yi wa Simplicissimus ta Munich zane. A 1944 ya zana Vidkun Quisling, mutumin da ya miƙa Norwe ga Jamus har sunansa ya zama kalmar maci-amana a harsunan Turai, ya iso neman ganin Hitila, ya ɗaga hannu yana cewa shi Quisling ne. Mai tsaron ƙofa ya dube shi ya ce, to, sunanka fa? An buga wannan a ƙasar da jaridun Landan ke zanawa a matsayin mai kantin Hitila, kuma kofensa sun riƙa tsallaka iyaka a ɓoye zuwa Norwe.